Ushuwaya, garin da ke ƙarshen hanya

Jirgin shaƙatawa

Jiragen ruwa iri-iri ne. Waɗansu na ɗaukar kaya ne, waɗansu na kamun kifi, waɗansu na soja. Akwai kuma wani iri wanda ba shi da aikin komi sai yawo da mutane. Mai hali ya sami hutu, ya biya kuɗi, ya shiga. A yi ta zagayawa da shi daga wannan gari zuwa wancan, sati biyu ko uku, sa'an nan a sauke shi ya koma gida. Bai tafi fatauci ba, bai tafi ganin dangi ba. Kallo kawai ya kai shi. Ana ce wa irin wannan jirgi jirgin shaƙatawa, mutanen da ke ciki kuwa ƴan yawon buɗe ido.

Babban jirgin shaƙatawa yakan kai mita 300 a tsawo, da bene goma ko fiye. Yakan ɗauki mutum 2000 ko 3000, ban da ma'aikata. Akwai ɗakunan kwana ciki, da wuraren cin abinci, da kantuna, da gidan likita, har da wurin iyo. Gari ne sukutum bisa ruwa. Da dare jirgi yana tafiya. Da safe sai ya tsaya a wata tasha, mutane su sauka su ga gari, da marece su komo, a ci gaba.

Cikin tashoshin da irin waɗannan jirage ke tsayawa akwai wata mai nisa ƙwarai, can kudancin Amurka ta Kudu. Sunanta Ushuwaya. Darasin yau zai bi matafiyan da suka yini a wannan gari.

Hanyar kudu

Ku duba taswirar duniya. Ku nemi Amurka ta Kudu, yamma da Afirka, ƙetaren tekun Atlantika. Tana da faɗi wajen arewa, tana tsukewa wajen kudu kamar ƙahon sa. A bakin ƙahon akwai wani babban tsibiri da ƙananan tsibirai masu yawa. Ana ce musu Ƙasar Wuta. Tun shekarar 1881 aka raba babban tsibirin tsakanin ƙasa biyu: yamma ta Shili, gabas ta Arjantina. Ushuwaya tana gefen Arjantina.

Jirgi yakan tashi daga Buwenos Aires, babban birnin Arjantina, ya miƙe kudu. Yawanci cikin watan Disamba ko Janairu ko Fabrairu a ke wannan tafiya, gama lokacin ne bazarar wurin. Yanayin kudancin duniya yana saɓa wa na arewa. Sa'ad da ɗari ke kama mutane a Maraɗi da Damagaram, su can suna cikin lokacin zafinsu. Amma kada sunan ya ruɗe ku. Zafin Ushuwaya cikin Janairu wajen digri 10 ne kawai. Safiyar hunturu ta Tawa ma ta fi shi ɗumi. Kowace rana ta tafiya sanyi yana ƙaruwa. Matafiyin da ya bar Buwenos Aires da riga mai gajeren hannu, kafin ya isa ya sa rigar sanyi biyu da hula, yana riƙe da ƙarfen jirgi don kada iska ta kada shi.

Wani abin mamaki kuma shi ne tsawon yini. A Nijar dare da rana kusan daidai su ke duk shekara, bambancin ba shi da yawa. A Ushuwaya kuwa, ƙarshen Disamba, rana takan fito wajen ƙarfe 5 na safe, ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe 10 na dare. Yini ya kai awa 17 ke nan. Cikin watan Yuni sai abin ya juya: rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 10, ƙarfe 5 na marece ta faɗi. Ƴan lakwal suna shiga aji da duhu. Mutanen garin har biki su ke yi ranar 21 ga Yuni, bikin daren da ya fi kowane tsawo.

Kafin a kai garin sai jirgi ya bar babban teku ya shiga wani mashigin ruwa mai suna Bigil. Tsawonsa wajen kilomita 240. Duwatsu ne dama da hagu, ƙanƙara fari fat bisa kawunansu ko cikin bazara. Ruwan yana da duwatsu ɓoye a ƙarƙashi. Saboda haka wani gwani, wanda ya san mashigin kamar tafin hannunsa, yakan hau jirgin ya nuna hanya. Kusa da garin akwai wata hasumiya mai fitila, ja da fari, bisa wani ɗan tsibirin dutse. Tsayinta mita 11, tana aiki tun 1920. Sunan wurin na Faransanci ne, Les Éclaireurs, gama waɗansu masu bincike Faransawa ne suka raɗa shi. Tsuntsayen ruwa sun rufe duwatsun kewaye da ita. Akwai kuma zakunan teku kwance suna shan hantsi. Dabbobi ne masu kitse, sun ɗan yi kama da ayun da ke cikin kogin Kwara, sai dai su suna hawa tudu, suna ruri, suna kuma da wari mai tsanani.

An iso

Da sassafe jirgi ya tsaya. Garin yana manne a gindin duwatsu, gabansa ruwa. Ba shi da fili, tituna hawa su ke kamar matakala. Tsofaffin gidaje na katako ne da kwano, an shafa musu fenti ja da shuɗi da rawaya. An yi rufinsu da gangara sosai don ƙanƙara ta zame. Mutanen garin kusan dubu 80 ne, suna magana da Sifaniyanci.

Kusa da tasha akwai wani allo da aka rubuta cewa nan ne ƙarshen duniya. Baƙi sukan yi layi su ɗauki hoto gabansa. Duniya dai ba ta da ƙarshe, tun da ƙwallo ce. Kuma ƙetaren mashigin, cikin ƙasar Shili, akwai wani ƙaramin gari mai suna Puerto Williams wanda ya fi Ushuwaya kudu, har ƙasashen biyu suna gardamar wane ne birnin da ya fi kowane kudu. Amma maganar allon ba ƙarya ce duka ba. Babbar hanyar mota da ta taso daga Buwenos Aires tana ƙarewa yamma da garin kaɗan, bakin ruwa, bayan kilomita 3079. Wannan ya fi tafiyar Yamai zuwa Damagaram sau uku. Mai mota kuma ba ya isowa sai ya ratsa ƙasar Shili, an ƙetarar da motarsa bisa jirgin fito.

Kafin a yi wannan hanya, kafin jirgin sama, jirgin ruwa ne kaɗai ke kaiwa wurin. Duk abin da ya sami garin, mai daɗi da marar daɗi, ta ruwa ya zo. Ko yau, wanda ya bi bakin ruwa da ƙafa zai ga wani tsohon jirgi baƙi kwance cikin taɓo, ya karkata, tsuntsaye sun mai da shi gida. Yawancin baƙi suna wuce shi ba su tambayi komi ba. Labarinsa yana zuwa gaba.

Motoci suna jiran matafiya a bakin tasha. Waɗansu za su hau dutse su taɓa ƙanƙara. Waɗansu za su shiga ƙaramin jirgi su tafi ganin fengwin, tsuntsun nan mai tafiya a tsaye kamar mutum, wanda ba ya tashi sama amma ya iya iyo kamar kifi. Waɗansu kuwa za su tafi gandun dajin gwamnati, wanda aka keɓe a shekarar 1960.

Masu wuta cikin jirgi

A gandun dajin, bakin ruwa, akwai waɗansu ƴan tuddai kewayayyu, ciyawa ta rufe su, kowane da lotsawa a tsakiya. Wanda bai sani ba sai ya ce haka ƙasar ta ke. Ba haka ba ne. Ƙarƙashin ciyawar ɓawon ƙumba ne da ƙasusuwa da toka. Lotsawar nan gurbin bukka ce. Mutane sun zauna ciki, sun ci abincin teku, sun zubar da ɓawo kewaye da bukkar shekara da shekaru, har ya zama tudu. Kufai ne.

Masu kufan su ne Yagan, waɗansu suna ce musu Yamana. Masu tonon tarihi sun gano cewa mutane suna zaune bakin wannan mashigi fiye da shekara dubu 6. Sunan Ushuwaya ma daga harshen Yagan ya fito, yana nufin lungun ruwa mai shiga can ciki.

Yagan ba su noma, ba su kiwo. Teku ne gonarsu. Kowane iyali yana da kwale-kwale na ɓawon itace, an ɗinke shi da jijiya. Mace ce ke tuƙi daga baya. Namiji yana gaba da mashi, yana fakon zakin teku. Yara suna tsakiya. Aikin yaran shi ne kwashe ruwan da ke shigowa, da lura da wuta. I, wuta cikin jirgin ɓawo! Sukan shimfiɗa yumɓu ko jiƙaƙƙiyar ƙasa a tsakiyar jirgin, su hura wuta bisa. Duk inda suka nufa da ita su ke zuwa. Mata ne kuma suka iya iyo. Su ke nitsewa cikin ruwan nan mai sanyi kamar ƙanƙara su ɗebo ƙumba.

Tufafinsu ba su da yawa: ƴar fata bisa kafaɗa, ana juya ta wajen da iska ke busowa. Sukan shafe jiki da kitsen zakin teku. Turawan farko da suka gan su sun ɗauka talauci ne da rashin wayo. Alhali dabara ce. A ƙasar da ruwan sama ke sauka kullum, riga takan jiƙe ta daɗe ba ta bushe ba. Jikin da aka shafe da kitse kuwa ruwa ba ya zama bisansa, da an matsa kusa da wuta ya bushe.

A shekarar 1520 wani matuƙin jirgi ɗan Fotugal mai suna Majelan, yana yi wa sarkin Sifen aiki, ya bi ta arewacin tsibirin. Ya hangi wuta da hayaƙi na mutanen ƙasar a bakin gaɓa. Daga nan sunan Ƙasar Wuta ya samo asali. Bayan shekara 300 wani jirgin Ingila mai suna Bigil ya zo auna gaɓar, shi ya bar wa mashigin sunansa. A 1830 shugaban jirgin, FitzRoy, ya ɗauki mutum huɗu daga tsibiran ya tafi da su Ingila, wai a koya musu zaman Turawa. Ɗaya ya mutu can da ciwon agana. An maido sauran ukun a 1833. Cikinsu akwai wani yaro Bayagane da Turawa suka laƙaba wa suna Jemmy Button, wato Jemi Maɓalli, don an ce maɓalli guda aka bai wa danginsa. Bayan shekara ɗaya jirgin ya sake biyowa. Suka tarar da shi ya tuɓe kayan Turawa, ya yi aure, ya koma kwale-kwale. Aka ce ya zo a koma Ingila, ya ƙi.

Cikin wannan tafiya ta biyu akwai wani saurayi mai binciken halittu, Charles Darwin, wanda ya yi suna daga baya. Ya saurari maganar mutanen, bai ji ko kalma guda ba, sai ya rubuta cewa da ƙyar za a kira ta harshe. Ya yi kuskure babba, kuma wani ɗan ƙasarsu ne ya nuna kuskuren. Sunansa Thomas Bridges, ɗan mishan ne, ya koyi harshen tun yana saurayi. A 1871 ya zauna Ushuwaya da iyalinsa. Ya yi shekaru yana tambaya yana rubutawa, har ya tara ƙamus mai kalma wajen dubu 32. Ya rasu a 1898, ba a buga ƙamus ɗin ba sai 1933.

Kafin a buga shi masu harshen sun kusa ƙarewa. Cikin 1884 Bridges ya ƙidaya Yagan, ya sami wajen mutum 1000. Cikin watan Oktoba na wannan shekara jiragen gwamnatin Arjantina suka iso, aka kafa tuta, aka buɗe ofis. Ranar 12 ga Oktoba 1884 ita ce a ke ɗauka ranar kafa garin. Jiragen ba su daɗe da tashi ba sai ƙyanda ta ɓarke, wadda waɗansu ke kira baƙon dauro. Ga Yagan kuwa baƙo ne na gaske, jikinsu bai taɓa saninsa ba. Manya da yara suka kwanta lokaci guda. Babu mai ɗebo ruwa, babu mai hura wuta, masu haƙa kabari suka kasa. Da aka sake ƙidaya a 1886, wajen mutum 400 suka rage. Tarin fuka ya bi baya. Mafarauta daga waje kuma sun karkashe zakunan teku don fata da mai, abinci ya yi wuya.

Jikokin Yagan suna nan har yau, yawancinsu gefen Shili. Amma wadda ta rage cikin masu jin harshen tun daga nono, wata tsohuwa mai suna Cristina Calderón, ta rasu cikin Fabrairu 2022 tana da shekara 93. Shekarunta na ƙarshe ba ta da wanda za ta yi hira da shi sosai cikin harshen uwarta. Ta zauna da jikarta, suka rubuta kalmomi da tatsuniyoyi, aka ɗauki muryarta. Da waɗannan ne masu son koyo ke aiki yanzu.

Gidan kaso

Daga gandun daji waɗansu baƙi sukan shiga wani ɗan jirgin ƙasa mai tururi. Tafiyarsa kilomita 7 ce, a hankali ya ke yin ta. Ta taga ana ganin wani fili cike da kututturan itace, sun yi fari don tsufa. Waɗansu gajeru ne, waɗansu sun kai ƙugun mutum. An ce dogayen an sare su ne lokacin sanyi, sa'ad da ƙanƙara ta rufe gindin itacen. Ƴan kaso ne suka sare su.

Bayan an kafa tuta, gwamnati ta rasa masu son zama wurin. Sai ta yi shawarar aika waɗanda ba su da ikon ƙi. Jirage suka fara kawo ƴan kaso daga arewa, da mari a ƙafa. Su da kansu suka fasa dutse suka gina gidan da za a kulle su, daga 1902 zuwa 1920. Ginin yana da reshe biyar da suka haɗu a tsakiya kamar yatsun hannu, don mai gadi ya tsaya wuri guda ya ga ko'ina. Ɗakuna 380 ne, kowane na mutum ɗaya, amma wani lokaci an tara fiye da mutum 600. Akwai masu kisan kai cikinsu, akwai ɓarayi, akwai kuma waɗanda siyasa ce ta kawo su.

Kowace safiya jirgin ƙasan nan ya kai su daji, da marece ya maido su da itacen wuta. Su ne suka yi tituna da gadoji. Cikin gidan kason ne aka sami gidan burodi, da maɗaba'a, da injin lantarki na farko. Gudu ba shi da amfani sosai. Wanda ya tsere zai tarar da dutse da ƙanƙara da ruwa. In ya hura wuta a gan shi, in bai hura ba sanyi ya kashe shi. Wani mai suna Simón Radowitzky ya tsere cikin ƙaramin jirgin ruwa a 1918, aka kama shi cikin ƙasar Shili aka maido shi. Shugaban ƙasa Perón ya rufe gidan a 1947. Yanzu gidan tarihi ne. An bar reshe guda yadda ya ke, ba fenti, ba abin ɗumama ɗaki. Baƙon da ya shiga da rigar sanyi biyu ba ya son ya wuce minti biyar ciki.

Ranar da baƙi suka fi masu gari yawa

Yawon shaƙatawa zuwa Ushuwaya ba sabon abu ba ne. Cikin Janairu 1930 wani babban jirgin Jamus mai suna Monte Cervantes ya kawo ƴan yawo daga Buwenos Aires. Matafiyan sun fi 1100, ma'aikatan jirgi sun fi 300. Suka sauka, suka zagaya, suka kalli ƴan kaso daga nesa, suka koma jirgi. Ranar 22 ga wata da tsakar rana jirgi ya tashi. Bai yi nisa ba, kusa da hasumiyar nan ja da fari, sai ya hau wani dutse da ke ɓoye cikin ruwa. Cikinsa ya tsage, ruwa ya fara shiga.

Shugaban jirgin, Theodor Dreyer, bai ruɗe ba. Ya sa aka sauke ƙananan jiragen ceto tun injuna ba su mutu ba, aka zuba mutane ciki. Ya tura babban jirgin bisa waɗansu duwatsu don kada ya nitse nan da nan. Waɗansu jiragen ceton iska ta kai su gaɓa nesa da gari, mutane suka taka da ƙafa cikin daji da duwatsu, da takalman gayu. Wani jirgin sojan Arjantina ya tsince sauran. Ba wanda ya mutu ran nan.

To, sai ina za a sa su? Mutanen Ushuwaya a lokacin wajen 800 ne. Baƙin da suka faɗo musu kusan ninkinsu biyu ne, jiƙe sharkaf, ba bargo, ba guzuri. Garin kuma ba ya noma hatsi. Abincinsa jirgi ke kawowa, an auna shi daidai bakin masu gari. Duk da haka kowane gida ya buɗe ƙofa. Aka cika coci da lakwal da barikin soja. Aka kai waɗansu gidan kaso suka kwana. Gidan burodin kason ya yi ta gashi dare da rana. Ana ba da labari har yau cewa ƴan kason sun yarda a rage abincinsu a ba baƙin, sun kuma ba da barguna. Masu kuɗin da suka biya don su zo kallo, ga su lulluɓe da bargon waɗanda suka kalla jiya.

Bayan kwana biyu, ana cikin fid da kayan matafiya, jirgin ya kife. Shugabansa yana ciki. Shi kaɗai ne ya halaka, ba a ga gawarsa ba. Wajen sati guda bayan haɗarin wani jirgi mai suna Monte Sarmiento ya zo ya kwashe mutanen.

Gangar jirgin ta zauna bisa duwatsun shekara 24, gindinta a sama. A 1954 aka yi ƙoƙarin jan ta zuwa tasha, sai ta kuɓuce ta nitse wuri mai zurfi. Ɗaya daga cikin jiragen da suka yi aikin jan, mai suna Saint Christopher, ya lalace, aka yar da shi bakin garin. Shi ne tsohon jirgin nan baƙi da matafiya suka wuce da safe.

Marece

A 1970 mutanen garin ba su kai dubu 6 ba. A 1972 gwamnati ta yi doka ta sauƙaƙe haraji ga duk mai kafa masana'anta a tsibirin. Aka buɗe wuraren harhaɗa rediyo da talabijin, daga baya har wayar salula. Mutane suka kwararo daga arewacin ƙasar neman aiki. Gari ya yi girma da sauri, fili ya ƙare. Waɗanda suka rasa wuri suka hau dutse, suka sare daji suka kafa ɗakunan katako. Baƙon yini guda ba ya kaiwa waɗannan unguwanni. Iyakarsa babban titi, inda a ke sayar da riguna da hotuna da ƴan fengwin na roba, da gidajen abinci masu dafa wata ƙatuwar ƙaguwa ja, wadda ƙafafunta sun fi kamu guda tsawo.

Dajin ma ya ga nasa baƙon. A 1946 aka kawo wata dabba daga Kanada, guda 20, don a riƙa samun fata. Da Faransanci ana ce mata castor. Ta yi kamar ƙatuwar gafiya mai faffaɗar wutsiya. Tana sare itace da haƙori, ta datse rafi da shi, ta yi gida cikin tabkin da ya taru. A Kanada akwai namun dajin da ke cin ta, itatuwan can kuma suna sake tohowa. A Ƙasar Wuta ba mai cin ta, itacen da ta sare kuwa ba ya tohowa. Sana'ar fatar ba ta yi ba. Dabbobin sun zama dubbai, sun ƙetare har gefen Shili. Ko daga mota ana ganin ɓarnarsu: kwari guda cike da matattun itatuwa tsaye cikin ruwa.

Ba manyan jirage kaɗai ke tashar ba. Gefensu akwai ƙanana masu ƙarfin jiki, masu ɗaukar mutum 100 ko 200. Waɗannan Antartika za su, nahiyar ƙanƙara, wajen kilomita 1000 kudu. Mafi yawan masu zuwa can yawo daga Ushuwaya su ke tashi. Kwana biyu su ke yi suna ƙetare wani teku mai haukan igiyar ruwa. Akwai dokoki masu tsanani: jirgin da ya ɗauki fiye da mutum 500 ba ya sauke kowa a can, kuma ba a sauke fiye da mutum 100 wuri guda lokaci ɗaya. Kafin kowa ya taka ƙasa sai an wanke takalmansa da magani, an kakkaɓe aljihunsa, don kada ya kai irin ciyawa ko ƙwayar cuta wurin da ba a san su ba.

Wajen ƙarfe 6 na marece babban jirgi ya busa ƙaho. Matafiya suka komo, ana ƙidaya su ɗaya ɗaya a bakin ƙofa. Jirgi ba ya jiran wanda ya makara. Aka kwance igiyoyi. Rana tana sama tukuna, sauran awa huɗu ta faɗi. Jirgin ya juya ya nufi yamma cikin mashigin, inda ƙanƙara ke gangarowa daga duwatsu har bakin ruwa. Masu kantuna suka fara lissafin cinikin yini. Direbobi suka wanke motocinsu, gama an sanar da su akwai jirgi biyu gobe da safe.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin jirgin shaƙatawa da jirgin kaya?
2. Don me matafiya ke zuwa Ushuwaya cikin Janairu, ba cikin Yuni ba?
3. Yaya Yagan ke hura wuta cikin kwale-kwale ba ya ƙonewa?
4. Yagan wajen 1000 ne a 1884, wajen 400 a 1886. Mutum nawa aka rasa? Cikin kowane mutum goma, nawa suka rage?
5. Me ya sa saukar da mutanen Monte Cervantes ya yi wa garin wuya?
6. Don me a ke wanke takalman masu sauka Antartika? Wane labari cikin darasin ne ya nuna dalilin?

Aiki

Ku zana taswirar Amurka ta Kudu cikin littafinku. Ku sa alama a Buwenos Aires da Ushuwaya, ku ja layin da jirgi ke bi. Sa'an nan ku tambayi wani tsoho ko tsohuwa a gida kalma biyar na sana'ar da, waɗanda yara ba su faɗi yanzu. Ku rubuta su da ma'anarsu, ku kawo aji.